Sharhi: jingina mota ga kamfanin jigilar gaggawa a Amurka, abin da ke shigowa da abin da ke fita

Tsarin da nake sharhi a kai shi ne wanda mai mota ke liƙa tambarin wani kamfanin jigilar gaggawa a jikin motarsa, ya riƙa tuƙa ta da kansa, kamfani na nemo masa lodi yana biyansa bisa mil. Na yi aiki da shi da motar Sprinter mai dogon baya, wadda ke cin katakon jera kaya (pallet) uku. A ganina tsarin ya yi kyau wajen takardu, ya gaza wajen jira.

Kyawunsa a fili yake. Da lasisin kamfani da inshorarsa ake ɗaukar kaya. Wanda ya tsaya da ƙafarsa sai ya biya dala 300 na rajista a FMCSA, hukumar tarayya mai kula da motocin haya, ya sayi inshora da kansa, kuma ko da doka ta yarda da inshorar da ke biyan diyya har dala 300,000 ga ƙaramar mota, yawancin dillalai ta dala miliyan 1 suke nema kafin su ba da lodi. Dokar tarayya ta kuma tilasta wa kamfani ya biya cikin kwana 15 bayan an miƙa takardun isar da kaya, don haka babu bin dillali bashin wata guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne farashin mil. Abin da ake faɗa maka na mil ɗin da kaya ke cikin mota ne kawai. A ɗauka, don misali, an ba ka lodin mil 600 a kan dala 1 kowane mil. Ka yi mil 100 fanko kafin ka isa masana'anta, bayan ka sauke kuma garin babu kaya, sai ka ƙara mil 200 zuwa inda ake samu. Motar ta ci mil 900, kuɗi dala 600, wato santi 67 ke nan kowane mil. Hukumar haraji ta IRS kanta santi 70 ta ƙiyasta wa kowane mil na motar kasuwanci a 2025. Idan motar na yin mil 18 da galan guda, ta sha galan 50. A kan dala 3.60 kowane galan, dala 180 ta tafi. Ware santi 10 na taya, birki da baƙin mai, wata dala 90. Saura 330, ba a taɓa bashin mota ba, ba a cire inshorar jikin mota da kuɗin na'urar bin sawu da kamfani ke zarewa duk mako ba. Daga ribar kuma akwai harajin mai aikin kansa, kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga, ana biya sau huɗu a shekara.

Sai jira. Kowane gari yana da layinsa, kamar tasha: wanda ya riga sauke kaya shi ke gaba. Kwana biyu a filin gidan mai ba abin mamaki ba ne, kuma idan ka ƙi lodi mai arha sau da yawa, makin da kamfani ke ba ka na karɓar lodi na faɗuwa, masu rabon lodi su fara tsallake ka. Kayan gaggawa sun fi yawa a yankin masana'antun motoci, Detroit, Toledo, kan titin I-75, da Laredo a bakin iyakar Meziko, saboda rashin ƙaramin ƙarfe ɗaya na iya tsayar da layin haɗa mota. Lodin Florida ko Colorado na da daɗin shiga, fitowa ce wuya. A farkon Yuli da ƙarshen Disamba masana'antu da yawa kan rufe, waya ta yi tsit.

Jiran nan yana cin inji. Wanda ya kwana da injin dizal a kunne don ɗumi, matatar hayaƙi ta DPF ba ta samun zafin da za ta ƙone baƙin hayaƙin da ya taru a cikinta, sai ta toshe, mota ta rage gudu da kanta a tsakiyar hanya da kayan mutane. Ƙaramin hita na dizal irin Espar ko Webasto ya fi wannan gyara arha nesa ba kusa ba.

Nauyi ma lissafi ne. Motar da nauyinta na rajista bai kai laba 10,001 ba, wajen kilo 4,500, dokar awannin tuƙi ta tarayya ba ta hau kanta. Da ta kai, sai awa 11 na tuƙi cikin awa 14, hutun awa 10, da na'urar ELD mai ƙirga su. Shi ya sa babbar mota mai ɗakin kwana ta fi dacewa da direba biyu, sau da yawa miji da mata, ɗaya na barci ɗaya na tuƙi. Daga laba 26,001 sai da CDL, lasisin tuƙin manyan motoci.

Kafin sa hannu a karanta sashen kuɗin ajiya da kamfani ke riƙewa: doka ta ce a mayar cikin kwana 45 bayan rabuwa. A tambayi ko ana biyan mil ɗin fanko, daga mil na nawa, da ko ƙarin kuɗin mai da masu kaya ke biya yana zuwa hannunka dukansa. Ga wanda ya biya motarsa tas kuma yana da ajiyar wata uku, zan ba tsarin uku cikin biyar. Ga mai sabuwar mota ta bashi, biyu ma da ƙyar.