Shekara ɗaya da tirelar kwana ta fifth wheel, ga abin da na gani

Yau shekara ɗaya kenan da muka sayi tamu a nan Texas, ni da uwargida da yara uku, kuma ƴan uwa da yawa a nan Amurka suna ta tambayata ko tana da daɗi. Tana da daɗi wlh, amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya zuba kuɗinsa.

Ga wanda bai san ta ba, gida ne guda a kan taya, da ɗakin kwana da kicin da banɗaki, sai dai ita ba a bamba ake ɗaura ta ba, hancinta hawa yake cikin bayan a-kori-kura ya zauna a kan wani faranti na ƙarfe daidai saman tayoyin baya, irin dai yadda kan tirela yake riƙe bodinsa a hanyar Kano zuwa Legas. Shi yasa ba ta yawan lilo a titi ko babbar mota ta wuce ka da gudu, wannan kam na yaba mata sosai.

Inda na sha wuya shi ne mota. Mai sayarwa ya ce min motata za ta ja ta ba matsala, kuma eh tana ja, abin da bai faɗa min ba shi ne ja daban ɗauka daban. Hancin tirelar nan yana sauke wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan bayan motarka, in nauyin tirelar fam 12,000 ne to kusan fam 2,500 ko fiye na zaune a kan gatarin baya, ba a ma saka ku da yara da farantin kansa da kayan abinci ba. Akwai wata ƴar takarda a jikin ƙofar direba da ke nuna iya nauyin da motar za ta ɗauka, ita za ka duba, ba bakin dila ba. Ni sai da na hau sikelin CAT a tashar manyan motoci na ga na wuce ƙa'ida, hankalina ya tashi dan yarana ne a ciki, dole na canja mota na koma babbar a-kori-kura ta Ford F-350. Kuɗin da ban shirya ba kenan. Kuma in bayan motarka gajere ne nemi faranti mai zamewa baya, in ba haka ba wajen kwana mai tsauri hancin tirela zai fasa maka gilashin baya.

Wajen ɗaurawa dan Allah kar kai sauri, ko waye ke jiranka. Sauke murfin bayan motar, shiga a hankali har ƙugiyar ta kama, fito da tocila ka leƙa da idonka ka ga haƙoran sun rufe, sannan ka ɗan ɗaga ƙafafun gaba na tirelar kaɗan, ka riƙe birkin tirela ka ja a hankali ka ji ta riƙe. A gabana wani bawan Allah ya tsallake wannan, yana motsawa tirelar ta sulluɓe ta faɗo kan bodin motarsa ta lotsa gefe biyu, matarsa na tsaye riƙe da kofin shayi ta kasa cewa komai. Har yau ina jin ƙarar nan.

Auna tsayinta da kanka bayan ka ɗaura, yawancinsu suna kai ƙafa 13, ka rubuta ka manna kusa da sitiyari saboda gadoji da rumfar gidan mai. Tsawonta daga gaba zuwa baya ma haka, mun je gandun shaƙatawa na Big Bend a nan Texas muna son kwana a sansanin Chisos Basin ashe hanyar ba a son tirelar da ta wuce ƙafa 20 ta hau, sai sansanin Rio Grande Village muka sauka.

Banɗaki kuma, kar ka bar bawul ɗin tankin bayan gida a buɗe ko da ka jona da magudana, ruwan zai tafi ya bar ƙazantar ta daskare. Bari ya kusa cika ka zubar, sannan ka saki na ruwan wanka ya wanke tiyo. Mu masu amfani da buta abin ma ya zo mana daidai dan tankin yana son ruwa da yawa, sai dai yana saurin cika.

Ribas har yanzu sai uwargida ta sauka tana min jagora ta waya, ƙa'idarmu in ban gan ta a madubi ba ba na motsi. Watan gobe in Allah ya yarda gandun shaƙatawa na Palo Duro za mu, yara sun riga sun fara haɗa kekunansu.