Marges a romon alkama: yana biya, amma da sharaɗi

Marges ɗin da ake sayarwa a daskare a manyan kantunan Damagaram tsiran nama ne siriri, asalinsa girkin Larabawan arewacin Afirka: niƙaƙƙen naman sa ko na rago da kitse, da barkono da tafarnuwa da kayan ƙamshi, a ɗura cikin hanjin rago. Yawanci gasa shi ake yi a sa cikin burodi. Na gwada shi a romo mai kauri da alkamar da ba a surfa ba, kuma hukuncina shi ne ya fi zama kayan ɗanɗano da a ce nama. Rabin kilo ya ishi tukunyar mutum shida, domin man da yake fitarwa shi ke ɗaukar girkin.

Tun wurin saye ake fara tantancewa. Da yawan ɗaukewar wuta, musamman lokacin bazara, kayan firigo kan narke su sake daskarewa. In aka ga ƙanƙara mai launin jini a gindin leda, ko launin ya koma toka-toka, ko fatar tana yauƙi bayan ya narke, a bar musu kayansu. A kuma duba takardar da ke jiki a tabbatar na halal ne, tunda ba kowane tsiran da ake shigowa da shi daga waje ne na sa ko rago ba.

Ga ma'auni: alkama gram 300, marges gram 500, albasar Galmi manya biyu, tumatir huɗu, karoti uku, kwatan shu (kabeji), tafarnuwa ƙwaya biyar, cokali ɗaya na garin tattasan Diffa, ƙwallon daddawa ƙarami, ruwa lita biyu da rabi.

Alkamar ce ke cin lokaci. A tsince ta, a rege tsakuwa, a jiƙa ta tun dare. Da safe a dafa ta ita kaɗai a ruwa ba gishiri, wajen awa ɗaya, sai ƙwayar ta fara tsagewa amma tana da ɗan tauri a haƙori. Wanda ya zuba ta ɗanya cikin miyar tumatir zai ƙone gawayi a banza, ganye ya narke, ita tana nan kamar tsakuwa, don tsamin tumatir na hana hatsi saurin nuna. Wasu na jefa kanwa don gaggawa. Tana aiki, sai dai tana baƙanta romon tana kashe ƙamshin marges, ni ban ba da shawararta ba. Mai tukunyar kokot, wadda ke dafawa da matsin tururi, minti ashirin da biyar sun ishe shi.

Shi kuwa marges, kada a soma da tafasa shi. A jera shi a busasshiyar tukunya, wuta kaɗan, ba a sa mai ko ɗigo, a riƙa juyawa minti takwas zuwa goma. Wuta mai ƙarfi na fasa hanjin, naman ya warwatse. In ya yi ja a kwashe, ya huce, sannan a yanka shi gutsi-gutsi. Jan man da ya bari yana da yawa ƙwarai. A rage cokali uku a tukunya, sauran a ajiye don soya ƙwai ko wake. A cikin wannan man za a soya albasa har ta yi laushi, a bi da tafarnuwa da tattasai da tumatir da daddawa, a bari ruwan tumatir ya ƙafe. Sai a juye alkamar da ruwan dahuwarta, wanda shi ke kawo kauri, a sa karoti ya yi minti goma. Shu da marges su ne na ƙarshe, minti goma kawai. In ya wuce haka, naman ya saki duk daɗinsa cikin ruwa ya koma dusa-dusa.

Aibinsa babba gishiri. Kada a sa dunƙulen magi ko gishiri sai marges ya shiga an ɗanɗana. Sau da yawa ba a ma buƙata. Yajinsa ma ya bambanta daga leda zuwa leda, don haka gidan da ke da yara a fara ɗanɗana gutsure ɗaya bayan suya kafin a ƙara barkono.

Gero, da ya fi sauƙin samu a Kasuwar Dole, yana iya maye gurbin alkama. Ya fi saurin nuna, rabin awa bayan jiƙo, amma yana saki, romon ya karkata wajen fate. Dawa na riƙe jikinta da kyau, sai dai ja takan kawo ɗan bauri, fara ta fi.

Abin da ya kwana kuma alkamar za ta shanye ruwan kaf. A ƙara tafasasshen ruwa kofi ɗaya ko biyu wajen ɗumame, a bari ya tafasa sosai, a matsa lemun tsami a kwano don ya yanke maiƙon.