Manhajar auna zafin kwamfuta: wacce za ka ɗauka don kada ta sanƙarar maka da na'ura?

Cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wani abokina mai haɗa bidiyon biki ya kira ni ransa a ɓace. Kwamfutarsa ta teburi tana tsayawa cik, linzami ba ya motsi, sauti ya maƙale yana ƙugi, sai ya danne maɓallin kashewa. Wani mai gyara ya riga ya sa shi sayen sabon RAM. Da na leƙa gefen agogo sai na tarar da manhajoji uku, kowacce tana nuna masa zafin firosesa. Tsoron zafi ne ya sa ya tara su. Muka cire biyu, kuma tun daga ranar ba ta ƙara sanƙarewa ba. Kuɗin RAM dai sun tafi.

Yadda abin yake shi ne, manhaja ba ta jin zafi da kanta. Sai ta ɗora direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke magana da kayan cikin kwamfuta, a can cikin ƙuryar Windows, direban ya riƙa tambayar ƙananan na'urorin da ke kan madabod, babban allon da sauran kayan kwamfuta ke kai: guntun Nuvoton ko na ITE mai kula da fankoki da ƙarfin wuta, da ɗan kwamandan da ake kira EC, da siririyar hanyar SMBus da ake bi a isa ga RAM. Waɗannan hanyoyi mai tambaya ɗaya suke ɗauka a lokaci guda, ga shi kuma BIOS, manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta, ita ma tana amfani da su. In mutum uku suka zura guga a rijiya mai ƙaramin baki, igiyoyi ne za su sarƙe. Shi ya sa abin da nake fara dubawa a irin wannan manhaja ba kyan fuskarta ba ne: shin za ta bar ni in kashe ma'auni ɗaya in bar sauran?

Nan ne HWiNFO, ta Martin Malík ɗan ƙasar Sulobakiya, ta sha gaban 'yan uwanta a wurina. A saitunanta akwai shafin Safety, inda za ka hana ta taɓa EC ko SMBus, kuma a jerin ma'aunai kana iya kashe kowanne shi kaɗai. A kan wasu madabod na ASUS har gargaɗi take yi kafin ta karanta EC, ta ce hakan na iya jawo tsaiko. Tana zagaye ma'aunai duk bayan daƙiƙa 2, kai kuma kana iya mayar da shi 5. Kyauta ce ga mai amfanin kansa, amma tun daga siga ta 7 a 2021, mai aikin kasuwanci da ita sai ya sayi lasisi. Aibinta yawan lambobi. Sabon shiga in ya buɗe ta sai idonsa ya raina fata.

AIDA64 ta kamfanin FinalWire na Hangare ta kuɗi ce, da gwajin kwana 30. Ita ma tana da shafin Stability mai irin waɗancan makunnai. Mai shagon gyara da ke gwada kwamfutocin tokumbo kafin ya sayar zai ci moriyar kuɗinsa, domin tana da gwajin da ke matse firosesa da RAM a ga ko za su jure. Wanda zafi kawai yake son gani, asara zai yi.

HWMonitor ta CPUID mai sauƙi ce, buɗe ka gani. Sai dai in ta haɗu da madabod da ba sa jituwa, ba ka da wurin lallashi sosai.

Masu son kyauta zalla sukan nufi Open Hardware Monitor ko LibreHardwareMonitor, wasu su haɗa da Fan Control. A nan a yi hattara da tsofaffin sigogi. Sun daɗe suna dogaro da wani tsohon direba mai suna WinRing0, wanda aka rubuta rauninsa na tsaro tun 2020, har a watan Maris na 2025 Microsoft Defender, mai gadin Windows, ya fara kama shi a matsayin abin haɗari. Fan Control ta koma kan direban PawnIO a cikin shekarar. In za ka sauke, sauke sabuwa daga inda masu ita suka ajiye, ba wadda aka tura maka a filasha ba.

Sai manhajojin da ke zuwa da kaya, irin su Armoury Crate da MSI Center da iCUE. Ko ka rufe tagarsu, hidimarsu na nan tana aiki a ɓoye, tana tambayar ma'aunai, tana canza launin fitilun RAM ta kan SMBus ɗin nan dai. In fitilu da fankokinka sai da su, to su ne manhajarka guda. Kada ka yi musu kishiya. Ni kam saita fanka a BIOS ya fi kwantar mini da hankali, don babu direban da ke shiga tsakani.

Mai Linux a maimakon Windows yana da manhajar lm-sensors, kuma direbobin coretemp na Intel da k10temp na AMD ba su cika rigima ba. Wurin tuntuɓe biyu ne. Idan sensors-detect, mai nemo wa lm-sensors ma'aunai, ta ce binciken SMBus na da haɗari, ba wasa take ba, domin a shekarun baya irin wannan bincike ya lalata wasu tsofaffin kwamfutocin ThinkPad. Na biyu, shawarar saka acpi_enforce_resources=lax a saitin tashin Linux da ake yawan bayarwa cire mai gadin da ke hana direba da BIOS karo ne.

Kafin ka biya lasisi ko ka sayi kayan gyara, cire dukkan manhajojin nan, ka sake kunna kwamfutar, ka yi aikinka na kwana biyu. In ta sanƙare duk da haka, laifin ba nasu ba ne, sai a koma kan RAM, wuta ko ƙurar hunturu da ta toshe fanka. In ta zauna lafiya, dawo da guda ɗaya tak, EC da SMBus a kashe, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, kwana guda tsakani.