Yaronka Na Son Zama Injiniya: Wace Makaranta Za Ka Kai Shi?

Duk shekara, da zarar 'yan aji 3 na ƙaramar sakandare sun gama jarrabawa, sai an sami wanda ya tare ni bayan sallar la'asar da tambaya iri ɗaya. Bana wani maƙwabcina ne, manomin rani. Ɗansa ya kwance rediyon gidan sau uku, ya haɗa fanka da batirin tsohuwar waya, har 'yan unguwa sun laƙaba masa Injiniya. Ya ce min, "Malam, ina zan kai shi? Wasu sun ce sayans, wasu sun ce tekanikal, ƙanina na birni kuma ya ce in biya masa lasin, wato darasin hutu, na kwamfuta."

Na ce masa, "Alhaji, mu fara daga ƙarshen hanya mu dawo baya." Jami'ar da za ta ɗauki yaro karatun injiniya, ko Bayero ce ta Kano, ko ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, ko Ahmadu Bello ta Zariya, abu biyu take dubawa. Na farko kiredit 5 a WAEC ko NECO ko NABTEB (jarrabawar kammala makarantun tekanikal), kuma dole a cikinsu akwai Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Na biyu makin JAMB, inda mai neman injiniya yake rubuta waɗannan darussa huɗu ɗin dai, tambayoyi 180 cikin awa 2, a kan kwamfuta. Duk makarantar da ba za ta kai yaro ga waɗannan ba, komai kyan fentinta, ta kauce masa daga hanya. Da wannan ma'aunin nake auna kowane zaɓi.

Makarantun kimiyya na gwamnati su ne na farko da nake ambata wa kowa, kuma ba na ɓoye cewa can zuciyata ta karkata. Tun 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, domin a lokacin an rasa 'yan jiha da za su cike guraben likitanci da injiniya. Daga baya aka ƙara wasu, har da na 'yan mata irin ta Garko, kuma da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 ta tashi da nata, kamar ta Kafin Hausa da ta 'yan mata a Taura. Hukumar makarantun kimiyya da fasaha ce ke shirya jarrabawar shiga bayan aji 3, saboda haka yaran da ake tarawa a can tatattu ne. Wannan shi ne babban amfaninsu, ya ma fi gini da kayan aiki. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a ƙauyensu ba tare da ya yi gumi ba, in ya je can ya tarar da talatin irinsa, dole ya farka. Ga karatun dare, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga malamin fiziks wanda fiziks ɗin ya karanta, ba malamin aikin gona da aka ce ya riƙe kafin a samu wani ba.

Amma galibinsu na kwana ne, kuma makarantar kwana tana da nata nauyi. Ko da gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta, akwai katifa da bokiti da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kuɗin mota ranar ziyara. Akwai kuma hannu ɗaya da za a rasa a gona lokacin noma da girbi, abin da mutanen birni ba sa sakawa a lissafi. Sannan aji yakan cika fiye da ƙima. Duk da haka, in yaro ya ci jarrabawar shiga, ni dai ban ga dalilin hana shi ba.

Kwalejin fasaha, wadda muke kira tekanikal, ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane sun ɗauka wurin da ake jefa yaron da kansa ba ya ja ne. Ba haka ba ne. A irin na Wudil da Bagauda da Ungogo, yaro yana shekara 3 yana koyon sana'a guda, wayarin ko kanikanci ko walda ko gini ko kafinta, tare da darussan aji, ya rubuta NABTEB ya fito da takardar sana'a ta ƙasa. Yaron da ya fito daga nan, ko bai samu jami'a a shekarar farko ba, ba zai zauna a dakali ba. Zai iya yi wa gida wayarin, ya ɗora sola, ya gyara injin ban-ruwa, ya tara kuɗin fom da hannunsa. Ga gidan da ƙarfinsa bai kai ya ɗauki ɗalibi shekara 5 a jami'a kai tsaye ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zanen fasaha ma, wanda yake wahalar da 'yan sayans a shekarar farko ta jami'a, ɗan tekanikal ya riga ya sha shi.

Inda ake tuntuɓe shi ne kemistiri. Na ga yaro mai hannu, ya gama tekanikal da sakamako mai kyau, aka zo cike fom sai aka tarar ba a yi masa rajistar kemistiri ba sam. Sai da ya ɓata shekara guda ya rubuta jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara kafin ya cike gurbin. Don haka kafin ka miƙa ɗanka, ka tambayi shugaban makaranta baki da baki: shin ana koyar da fiziks da kemistiri har aji na ƙarshe, kuma ana yi wa kowane ɗalibi rajistarsu? In amsar ta zo da kame-kame, ka san abin da kake saye.

Sakandaren jeka-ka-dawo ta garinku fa? Ita ce mafi sauƙi a aljihu, yaro yana kwana a gida, yana taya aiki. Wasunsu suna da ajin kimiyya na gaske, wasu kuma sunan ne kawai a allo. Gani ya kori ji. Ka je da kanka, ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje. Ka duba ko akwai ƙura a kan kwalabe, ka tambayi wani ɗan aji 2 na babbar sakandare yaushe rabon da ya riƙe ma'aunin lantarki a hannunsa. In ya ce sai ana gobe jarrabawa ake fito da kaya, to ka gane. Wannan gwajin shi zan yi wa makarantar kuɗi ma, domin yawan kuɗin zango ba ya nuna akwai malamin lissafi. Ka nemi a nuna maka sakamakon fiziks da kemistiri na shekaru 3 da suka wuce. Kuma ka guji wadda ake yabo da cewa "kowa yana ci a can". Kiredit ɗin da aka rubuta wa yaro a allo ba ya bin sa cikin ɗakin JAMB, balle ajin farko na jami'a inda lissafi ke tankaɗe mutane.

Sai batun lasin na hutu da ƙanin Alhaji ya kawo, inda ake koya wa yara rubuta manhaja ko haɗa ɗan mutum-mutumi cikin mako 4 ko 6. Ba na kushe shi. Yana buɗe wa yaro ido, kuma wanda ya saba da madannin kwamfuta ba zai rikice ranar JAMB ba, abin da ke kayar da yaran karkara da yawa ba don ba su san amsa ba. Sai dai miya ce, ba tuwo ba. Takardar da ake bayarwa a ƙarshe babu jami'ar da ke ƙirga ta wajen ɗaukar ɗalibi. In za ka biya, ka tambaya yara nawa ne a kan kwamfuta ɗaya, kuma me yaron zai haɗa da hannunsa ya nuna maka ranar gamawa. In kuɗin ɗaya ne tal, ko lasin ko littattafan fiziks da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ni littattafan zan saya.

Akwai wata makarantar hutu da ba a buga mata talla, kuma kusan kyauta ce: shagon mai gyaran janareta ko mai naɗin kwayil ko mai haɗa sola a kasuwar garinku. Yaron da ya yi dogon hutu biyu a irin wannan wuri, ranar da malami ya zana tiransifoma a allo, shi ya riga ya ƙona yatsa a kanta. Ka dai zaɓi ubangida mai tsoron Allah wanda zai bar shi ya taɓa aiki, ba ɗan aiken sayo shayi ba, kuma a yi sharaɗi cewa ranar komawa makaranta ba ta da ɗagi. Kuɗin da yaro ke fara samu a shago yana da daɗi, ya raba yara da yawa da aji. In makarantarsu tana da ƙungiyar JETS ta matasan injiniyoyi da masana kimiyya, ya shiga, ba a biyan wani abin kirki.

In an gama sakandare JAMB ba ta yi kyau ba, hanya ba ta toshe ba. Ana iya yin IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a da jarrabawarsa, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, a shiga aji 2 na jami'a kai tsaye in maki ya kai. Ko kuma a tafi foli, kamar Hussaini Adamu ta Kazaure ko ta Dutse ko ta Kano, a yi difloma ta shekara 2, daga nan a ci gaba zuwa babbar difloma ko a tsallaka jami'a. Abin lura a nan shi ne a tabbatar hukumar COREN ta amince da kwas ɗin digirin da za a shiga, domin ita ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, na foli kuma a tabbatar NBTE, hukumar da ke kula da makarantun foli, ta tantance shi.

Alhaji ya saurara har na gama, ya ce to shi yanzu me zan ce masa ya yi. Na ce ya sa yaron ya zauna jarrabawar hukumar kimiyya, in ya ci a kai shi, in bai ci ba a duba tekanikal mai kemistiri. Kafin nan kuma ya kai shi a yi masa lambar NIN da sunan da ya yi daidai da na takardun makaranta, harafi da harafi, don ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma gyaran suna daga baya wahala ce. Hutun nan dai an riga an yi magana da mai gyaran injin ban-ruwa na bakin kasuwa, ranar Asabar yaron zai fara zuwa.