Aminiya: na yarda da ita, amma ba ido rufe ba

Masu tambaya ko Aminiya jaridar gwamnati ce, a'a ba ita ba ce. Ta kamfanin Media Trust ce da ke Abuja, masu Daily Trust, su Malam Kabiru Yusuf, kuma tun 2006 take fitowa duk Juma'a. Ba irin su Albishir da Alfijir ba ce na kamfanin Triumph da gwamnatin Kano ke ɗaukar nauyi, inda ka san da wuya a taɓa gwamna mai ci.

Abin da ya sa nake saye shi ne labarin ƙauye. In ƴan bindiga suka shiga wani gari a Zamfara ko Katsina za ka ga sunan garin da ƙaramar hukumar, a ji ta bakin mutanen wurin sannan a nemi kakakin ƴan sanda, in bai ɗaga waya ba a rubuta cewa bai ɗaga ba. Wannan kaɗai ya bambanta ta da shafukan Facebook masu "da ɗumi-ɗumi" da ba ka san wa ya faɗa ba. Kuma gidan ba matsorata ba ne gaskiya, a Janairun 2019 sojoji sun mamaye ofisoshin Daily Trust na Abuja da Maiduguri saboda labarin shirin sojoji na ƙwato garin Baga daga hannun Boko Haram, lokacin Buhari fa, ɗan Arewa, wanda ake cewa jaridun Arewa na lallaɓawa.

To amma son kai akwai shi, na yanki ne. Duk rigimar da ta haɗa Arewa da Kudu kusan ka san inda za ta karkata tun kafin ka buɗe, ni ma ɗan Arewa ne abin yana min daɗi, kuma daɗin nan shi ne haɗarin. Ku tuna yarjejeniyar Samoa, wadda Tarayyar Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka da Caribbean da Pacific. A Yulin 2024 Daily Trust ta buga cewa Najeriya ta sa hannu kan abin da ya shafi auren jinsi, malamai suka hau mumbari gari ya ɗauka, daga baya kwamitin sauraren ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ya ce rahoton ba daidai ba ne kuma jaridar ta fito ta nemi afuwa. Na yaba da neman afuwar, amma mutum nawa ne suka ji ta cikin waɗanda suka ji huɗubar?

Hausar kuma wani lokaci sai ka ji ƙamshin Turanci a ƙarƙashi, kamar an ɗauko daga Daily Trust an juya da sauri.

Ni dai ina ba ta huɗu cikin biyar a labaran tsaro da kasuwa da noma. A siyasa da addini uku, kuma sai na leƙa BBC Hausa ko Premium Times kafin in tura wa kowa a WhatsApp.