Lissafin cunkoson atam a cikin ma'adini: kalkuleta, VESTA ko CrystalMaker?

Ƴan jiyoloji da aka ba ku asainmen na lissafin yadda atam suka cunkushe a cikin kiristal, kafin ku zaro kuɗi ku tsaya tukuna. Lissafin kansa fa ba wani abu bane, ka ɗauki ƙaramin ɗakin nan da yake ta maimaita kansa, wato yunit sel, ka haɗa girman duk atam ɗin da ke ciki ka raba da girman ɗakin, shikenan. Zinariya da tagulla suna ba da 0.74, ƙarfe 0.68, daimon kuwa duk taurinsa 0.34 kacal.

In ɗakin murabba'i ne ta ko'ina kamar na gishiri, kalkuleta Casio fx-991 ta ishe ka, sai dai a kula don jabunta sun cika kasuwa. Gefen ɗakin gishiri angstrom 5.64 ne (angstrom ɗan ƙaramin ma'aunin tsawo ne na awon atam), sodiyom 4 kulorin 4 a ciki. To ga inda rigimar take: ka sa radiyos (rabin faɗin atam) na teburin masani Shannon na 1976, sodiyom 1.02 kulorin 1.81, za ka samu kusan 0.65, abokinka ya sa wa sodiyom 0.95 na teburin masani Pauling ya samu 0.63, ku yi ta musu alhali babu wanda ya yi kuskure, tebur ne ya bambanta. Babu manhajar da za ta raba muku wannan gardamar komai tsadarta, ka rubuta teburin da ka ɗauka kawai.

Da ka bar gishiri ka koma kuza irin ta Jos ko ma'adinin kwaz (quartz) mai kusurwar digiri 120, nan ne laftof ke da rana. VESTA manhajar nuna tsarin kiristal ce ta kyauta, Koichi Momma da Fujio Izumi na Japan suka haɗa ta, tana hawa Windows da Mac da Linux kuma ba ta da nauyi. Ka sauko da fayil ɗin CIF, mai ɗauke da bayanan tsarin kiristal ɗin, daga shafin Crystallography Open Database, shima kyauta, ka buɗe ta nuna maka girman ɗakin da mazaunin kowane atam, rabawar ka ƙarasa da kalkuleta. Amma kar ka ƙirga ƙwallayen da ka gani a sikirin, na kusurwa ɗakuna 8 ke rabonsa, na fuska 2.

CrystalMaker ta Ingila hotunanta sun fi kyau gaskiya, amma lasisi ake saye da kuɗin waje, wannan dipatmen ya kamata ya saya ba ɗalibi ba. Manhajar Mercury ta Cambridge ta fi karkata wajen ƴan kemistiri.

Kit ɗin roba mai ƙwallaye da sanduna irin Molymod kuwa ni ban ba da shawara ba, sandunan suna nisanta atam ɗin sai ka ɗauka ɗakin fili ne. Gara ƙwallayen tebur tenis da gam, ka manna su suna taɓa juna ka ga ramukan da idonka.