Yaya, Takardar Gwajin Jinin Nan Ba Ta Wanke Ki Ba

Yaya, na ga hoton sakamakon da kika turo, na kuma ji kina ta hamdala cewa ba ki da sankarar bakin mahaifa. Allah ya sa haka ne. Amma abin da aka auna miki, CA-125, ai sinadari ne a jini da ake bi saboda sankarar ƙwan mace, ba ta bakin mahaifa ba. Kuma jinin al'ada ko juna biyu ko ƙari a mahaifa duk suna iya ɗaga shi.

Ni ma da na zo Ingila irin wannan gwajin na nema, likita ta ce a'a. Na fito ina ƙunƙuni, don a gida in dai da kuɗinki, ɗakin gwaji zai ɗebi jini ba tambaya. Daga baya na fahimci dalilinta. Sinadarin da ake bi a jini saboda wannan cuta, SCC, sau da yawa yana nan daidai alhali cutar ta fara, ciwon fata ko na ƙoda kuma kan ɗaga shi ba tare da sankara ba. Amfaninsa sai ga wadda aka riga aka tabbatar tana da ita, a ga ko magani na ci, ko ta dawo.

A nan wasiƙa suke aiko wa mace mai shekara 25 zuwa 64, kyauta. Nas ce za ta shafo bakin mahaifa da ɗan buroshi, minti biyar an gama, a nemi ƙwayar HPV, wadda nau'inta na 16 da 18 ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na cutar. Akwai kunya kam, ni sai da na ce mace nake so. Samun ganin likita kuwa sai da haƙuri, a gida kun fi mu sauƙi.

Ki je ɓangaren mata na asibiti ki ce awon bakin mahaifa kike so. Ko awon nan da ake shafa ruwan khal a bakin mahaifa a duba da ido ya fi takardar hannunki. Jinin da kika ce kina gani bayan al'ada ta ɗauke miki, ki faɗa musu tun kafin ki zauna. In sun ga abin zargi za su gutsuri nama su auna, shi ne mai tabbatarwa.

'Yan matanki fa, an yi musu rigakafin HPV da aka fara a Najeriya a Oktoban 2023? Daga shekara 9 zuwa 14 ne, auta ta kai.